Jawabin Ango Kauko

Wani ne ya zo garinmu neman aure, ya kuma taho da bakinsa. A nan yankinmu na Häme wannan kaɗai ya isa a bi mutum da kallo. Daga gabashin Finlan ya fito, can wajen Kuopio, inda mutum zai gaishe ka a tashar bas alhali bai san ka ba. Mu kuwa maƙwabci zai ɗaga maka haɓa da safe, ka ɗaga masa taka, an gama hirar mako.

Yarinyar da yake so sunanta Pihla. Kakanninta ne suka riƙe ta, tsohuwa Sirkka da tsoho Kauko. Kauko ba ya magana. Ba bebe ba ne, ba kuma fushi yake yi ba. Bai dai ga abin da ya faru a duniya da ya kai a buɗe baki a kansa ba. Sirkka ce tafintarsa. In ya yi shiru yana kallon taga, sai ta ce, "Ya ce gishiri bai ji ba." A ƙara, ya ci.

Ranar da mutumin ya fara zuwa gidan, tun yana cire takalmi a bakin ƙofa ya soma zance. Ya ba da labarin motarsa, da ciwon gwiwar uwarsa, da wani kifi da ya kusa kamawa. Gahawarsa ta huce bai kurɓa ba. Da ya tafi, Sirkka ta dubi mijinta, ta daɗe tana sauraro, sannan ta juya wajen Pihla.

"Kakanki ya ce, rediyon nan ta ina ake kashe shi?"

Pihla ba ta ɓoye wa mutumin komai ba. Ta ce masa, "Ka ga, in Kaka Sirkka ta ce e, to e ce. In ta ce a'a, hanyar Kuopio ba ta ɓace maka ba."

"Ni tsofaffi ba sa ƙi na," in ji shi. "Kin san me ya sa? Ina ɗebe musu kewa."

Ga shi kuma ba shi kaɗai ba ne a layi. Akwai Aatos, mai tuƙa injin sare itace. Shekara da shekaru, duk ranar da dusar ƙanƙara ta zuba, sai ya zo ya share musu ƙofar gida, ya tsaya ya dubi Pihla, ya tafi. Duk garin sun san maganar ta yi nisa.

Ana nan sai bikin cikar tsofaffin shekara hamsin da aure ya matso. Wata ranar Lahadi Sirkka ta buɗe gwangwanin biskit, ta ɗauko wani kaset naɗe a cikin hankici. Yayanta ne ya ɗauki bikin aurensu da rikodarsa tun daga farko har ƙarshe. Yanzu babu rikoda a gidan, ita kuma tana so a ji shi a zauren gari ranar taro.

Mutumin ya yi tsalle ya dire a kan maganar.

"Kaka, wannan ai aikina ne. Zan juye shi a kwamfuta. In raba kowace waƙa daban, in sa mata alama a farko da ƙarshe, in raɗa mata suna. Wadda kike so kawai ki taɓa, ta fito. Ba sauran juya kaset da biro."

"Shi kaɗai ne fa," in ji Sirkka. "Babu wani."

"Kamar ƙwai zan riƙe shi."

Ta dubi Kauko. Kauko ya dubi bango.

"Ya ce ƙwai ma fashewa yake," in ji ta. Amma ta miƙa masa.

Ya aro rikoda a ɗakin karatu na gari, ya haɗa ta da kwamfuta, ya kunna. Bai saurara ba, don uwarsa ta kira shi a waya, kuma su biyun ba a san mai ajiyewa ba. Kafin su gama, bikin duka ya shige. Sautin ya fito a fuskar manhajar a zane: inda ake kiɗa duwatsu ne tsibi-tsibi, inda aka yi shiru layi ne a miƙe kamar tafki ya daskare.

Pihla ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Kin ga wannan maɓallin?" in ji shi. "Shi zai bi ya nemo duk inda aka yi shiru, ya dasa alama. Tsakanin waƙa da waƙa ai shiru ake yi. Duk duniya haka ne."

"Bikin Häme ne fa."

"Kwamfuta ba ta san ƙabila ba."

Ya danna. Kwamfutar ta ɗauki gurnani kamar za ta tashi sama. Da ta lafa, alamomi sun cika fuskarta ƙam, kamar haƙoran mataji.

"Kai," in ji Pihla. "Ashe kakannina sun sha kiɗa."

Shi kuwa bai iya cewa ya yi kuskure ba, sai ya gyara zama ya fara raɗin suna. Ya saurari ta farko, ya rubuta: Fasto ya ce 'yan'uwa. Ta biyu: Fasto ya ce mun taru. Ta uku: Fasto ya ce a nan. Ta gaba cokali ne a cikin kofi. Ta bayanta tarin wani dattijo. Ta bayan wannan ma tarin dattijon ne, sai ya sa mata: Tari, kashi na biyu.

"To ina waƙoƙin?" in ji Pihla.

Ya ja, ya ja, sai ga wani ƙaton dutse guda, babu tsaga ko ɗaya a jikinsa. Duk kiɗan bikin ke nan a dunƙule.

Pihla ta ƙyalƙyale. "Kawu Reijo ne mai kiɗan akodiyon. An ce tsoro yake ji kada ya tsaya wani ya yi masa magana. Daga wannan waƙa sai ya zarce waccan."

Ta ɗauki jakarta ta tafi aiki, ta bar shi da fasto gunduwa-gunduwa da Reijo dunƙule guda.

Dole ya share alamomin nan duka, ya koma bi da kunne. Inda Reijo ya sauya taki, ya dasa alama. Ya sa wa wannan Rawar amarya, waccan Tango, wata kuma da ya kasa gane kanta ya sa mata Reijo ya ɓata hanya. Yana cikin haka ya zo wani wuri a tsakiyar biki. An buga cokali a jikin gilashi. Wata murya ta ce, "Ango zai yi jawabi." Kujera ta yi ƙara. Daga nan sai layi ya miƙe.

Ya ja gaba, layi. Ya ƙara ja, layi. Ya ƙure sauti har ƙarshe, ba ya jin komai sai shuuu irin na tsohon kaset. Can da nisa kujera ta sake ƙara, wata mata ta fyace hanci, akodiyon ya tashi.

"Kash," in ji shi. "Makirfo ya mutu a nan. Wa zai zauna a wurin biki yana sauraron babu?"

Ya zaɓe layin tun daga kujera har kujera, ya goge. Ya haɗe bakin biyu, ya dasa alama a wurin, ya adana a kan na farkon. Sannan ya dubi kaset ɗin a kan tebur. Aikinsa ya ƙare ai, komai na cikin kwamfuta. Da yake ɗan ƙasa ne nagari, bai jefar da shi haka nan ba. Ya ɗauko sukundireba ya kwance shi tsaf. Roba ta tafi kwandon roba. 'Yan kusoshin suka tafi na ƙarfe. Takardar jikinsa ta tafi na takarda. Zaren kuma ya dunƙule shi ya sa a na tarkace. Kashegari motocin shara suka zo, kowace ta ɗauki rabonta.

Ranar Lahadi ya ɗauki kwamfuta ya kai kicin ɗin Sirkka, yana tafe yana fito. Ya kunna mata nan, ya kunna mata can. Da aka zo wajen tari ta ce, "Onni ke nan. Tarin nan ne ya kai shi." Da aka zo wajen Reijo ta ce, "Wuce."

Ya wuce.

"To, kai ni wajen jawabin Kauko."

"Jawabi?"

"Bayan rawar amarya. An buga gilashi."

Mutumin ya jawo kofinsa. Ya kurɓi gahawa a karon farko a gidan.

Sirkka ta ajiye kofinta, fuskarta ta yi laushi. "Ya tashi, ya dafa tebur da hannu biyu, ya dube ni. Ya daɗe. Miya ta huce a kwanuka, babu wanda ya taɓa. Uwata ta yi kuka. Fasto ya ce tun da yake ɗaura aure bai taɓa jin irinsa ba."

"Me ya ce?"

"Komai ya faɗa."

"A'a, Kaka, ina nufin da baki."

Ta dube shi kamar ya shiga sauna, ɗakin wankan tururi, da takalmi.

"Da baki? A gaban mutane?"

Kauko ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa, kunnuwansa sun yi ja.

"Don shi na ajiye kaset ɗin nan," in ji Sirkka. "Kiɗan Reijo ko a ranar haƙuri muka yi da shi. Bai sake yi mini irin wannan jawabin ba, ni ma ban nema ba. Ranar taro, da an gama shan miya, shi za ka sa. Yana ina?"

"Yana nan, Kaka. Ƙura nake goge masa. Kin san tsohon sauti."

"Kaset ɗin fa?"

"Yana hannu mai kyau." Ya rufe kwamfutar. "Hannuwa ma."

Daga gidan bai zame ko'ina ba sai wajen kwandunan shara. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wayam, har ƙyalli suke yi. A ranar ya fara jin haushin ƙasar da ake kwashe shara a kan lokaci.

Da ya koma gida sai dabara ta faɗo masa. Manhajar ai tana iya ƙera shiru da kanta, ka faɗa mata tsawonsa ta zuba maka. Ya ƙera mai tsawo, sabo fil. Da Pihla ta dawo ya sa mata abin ji a kunne, bai gaya mata komai ba.

"Me kika ji?"

Ta saurara kaɗan ta cire. "Abin nan ya lalace."

"Shiru ne fa. Ki saurara da kyau."

"Shirun wa? Babu kowa a ciki."

Nan ya gane jabu ba zai wuce ba. In jika ta gane, tsohuwa tun daga ƙofa za ta jiyo. Sai dai kuma mai abin yana raye. Wanda ya yi shiru shekara hamsin da suka wuce, har yanzu yi yake, kullum, kyauta. Ɗauka kawai za a je a yi.

Da safe ya tarar da Kauko a bakin tafki, zaune a kan gadar katako da fatsa a hannu. Ya kunna naɗar sauti a wayarsa, ya zura ta a aljihun riga, ya zauna kusa da shi. Ya yi wa kansa alkawari ko tari ba zai yi ba. Ya riƙe alkawarin har ƙugiya ta taɓa ruwa.

"Wuri ya yi tsit, ko Kaka? Ni ina son tsit. Mutane ba su sani ba, ni mutum ne mai son shiru. Uwata ma cewa take, kai in ka yi shiru har tsoro kake ba ni. Wannan wace tsutsa ce kake sawa? A wajenmu ba haka ake soke ta ba, kawo in nuna maka. To, bari, bari. Yi shirunka, kada in dame ka. Ka yi kamar ba na nan. Ka tuna ranar aurenka, misali. Ka dafa gwiwa da hannu biyu. Yawwa. Ka ɗan dube ni kamar ni ce Kaka Sirkka."

Kauko ya dube shi. Ya dubi ruwa. Ya sake dubansa.

"Haka nake so. Riƙe shi haka. Kifin nan fa ba sa ci yau, ko me ya kore su?"

Har rana ta take ba a kama ko ɗan ƙaramin kifi ba. Mutumin ya koma gida da murna, ya juye abin da ya ɗauko. Sai ga duwatsu daga wannan bango zuwa wancan, ya fi na Reijo cika. Duk muryarsa ce. Amma da ya ƙara girman zanen sai ya hango 'yan filaye ƙanana a tsakani, inda ya ja numfashi, da inda ya haɗiye yawu, da wani mai ɗan faɗi inda sauro ya faɗa masa a baki.

Ya naɗe hannun riga. Kowane ɗan fili ya dasa masa alama a farko da ƙarshe, ya sa masa suna: Kauko. Kauko kuma. Kauko da sauro. Sannan ya bi ya goge kansa kaf, tun da aka haife shi wannan ne karon farko da ya katse wa kansa magana. Ya ɗinke gutsattsarin wuri guda, ya ɗebo shuuu ɗin tsohon kaset ya shafa a kai don ya tsufa, ya cusa tsakanin kujera da kujera. Ya raɗa masa suna da manyan baƙaƙe: JAWABIN ANGO. Ya saurara, ya ce, "Ko shi Kauko ba zai gane ba."

Ranar taro zauren gari ya cika. An ɗaga tuta, an jera furanni, kowa ya zauna nesa da kowa gwargwadon yadda kujeru suka bari. Aatos na can kusurwa cikin kwat ɗin da ya matse shi, yana kallon Pihla. Aka sha miyar kifi da baƙin burodi. Da aka kwashe kwanuka, mutumin ya miƙe ya yi bayanin yadda ya yi aikin, da irin wahalar da ya sha, da sunan kowace waƙa, har Pihla ta ja masa riga. Sannan ya taɓa.

Cokali ya bugi gilashi a lasifika. "Ango zai yi jawabi." Kujera ta yi ƙara.

Zaure ya nutsu. Tsofaffin matan da suka halarci na farkon suka zaro hankici tun kafin a je ko'ina. Sirkka ta rufe ido, ta ɗora hannu a kan na Kauko.

Shiru ya soma tafiya.

Can sai girar Sirkka ta motsa. Wata tsohuwa ta dubi hankicinta, ta ninke shi, ta mayar jaka. Wani dattijo a baya kafaɗunsa suka fara rawa. Sirkka ta janye hannunta ta buɗe ido.

"Tsayar."

"Kaka, bai ƙare ba, yanzu ma za a zo wuri mai daɗin."

"Na ce tsayar."

Ya tsayar.

"Kauko ne," in ji ta. "Ban musa ba, numfashinsa ne. Amma ba da ni yake ba."

"Da ke yake mana. Ranar aure. Tsufan kaset ne ya ɗan sauya shi."

"Yaro, shekara hamsin ina sauraron mutumin nan. Mayar da shi farko."

Ya mayar. Ta karkata kunne, ta ɗaga yatsa tana bin sa.

"A nan cewa yake, wa ya gayyato wannan. Nan ya ce ya kore mini kifi. Nan yana tambaya, in na tura shi ruwa wa ya gani." Ta ɗan dakata. "Nan yana auna zurfin wurin. Nan ya tuna Pihla, ya fasa." Ta ƙara saurarawa. "Nan kuma ya sake shawara."

Kowa ya juya ya dubi Kauko. Kauko ya gyaɗa kai, sau ɗaya. An ce rabon da a ga ya yi dogon bayani haka tun ranar ɗaurin auren.

"Wannan wurin fa?" in ji wata tsohuwa. "Kamar ya ji daɗi a nan."

"Sauro ne ya shiga bakin yaron," in ji Sirkka. Ta juyo wajen mutumin. "Ina nawa?"

Bakin da bai taɓa rasa magana ba ya buɗe, magana ta zubo babu birki. Ya ce layi ne a miƙe. Ya ce ko ƙwararre ne haka zai yi. Ya ce laifin manhaja ne, da na makirfo, da na yayanta da bai rubuta komai a jikin kaset ba. Ya ce ai shiru shiru ne, ana samu ko'ina, ga shi nan ma cike da gari.

"Kaset ɗin," in ji Sirkka.

"Na rarraba shi, Kaka. Amma daidai na rarraba. Roba da roba, ƙarfe da ƙarfe. Ko kusa ɗaya ban sa a kwandon da ba nata ba."

"Wannan kam ya yi daidai," in ji dattijon baya, a hankali. Matarsa ta taka masa ƙafa.

Daga nan babu wanda ya sake cewa komai. Sirkka ta ninke hankicin da ta naɗo kaset ɗin a ciki, ta ajiye a gabanta. Kauko ya dubi taga. Pihla ta dubi farcenta. Aatos ya gyara wuyan kwat. Shirun ya miƙe, ya yi ta miƙewa, ya fi wanda aka goge tsawo. Mutumin ya dubi wannan, ya dubi wancan, zufa na bin bayan kunnensa. Ya tuna shirun garin nan iri-iri ne, har da wanda ke sa uwar amarya kuka. Sai ya ɗan sunkuya wajen tsohuwa, ya sassauta murya.

"Kaka, wannan ɗin da ake yi yanzu, na yafiya ne?"

Sirkka ta miƙa hannu ta rufe masa kwamfutar.

"Irin na tsakanin waƙa da waƙa ne. Taka ta ƙare, ta Aatos muke jira."